Ranar da Na Shayar da Injin Niƙa Man Gyaɗa

A shekarun wahalar mai, zamanin soja, ni ke kula da injin niƙan yayana a Ɗanzomo. Wata rana Malam Bulus, ma'aikacin gandun daji, ya ce mini hayaƙin gas da fetur ne ke ƙara wa duniya zafi, har damina take guje mana. Wai a wasu ƙasashe da man tsirrai ake tayar da inji.

Ni da na tsaya a aji biyu, sai na ji ilimi ya cika mini ciki. Na ɗauko man gyaɗan da matata ta soya ƙuli-ƙuli da shi, ko tacewa ban yi ba, na ɗura wa injin.

Ya kuwa tashi! Unguwa ta ɗau ƙamshi. Na riƙe ƙugu na ce, "Jama'a, mun rabu da gas!"

Tiya uku ya niƙa, ya yi tari, ya mutu. Sati biyar mata suna fama da turmi. Yaya ya dube ni ya ce, "Allah ya shirye ka."

Har yau ina ganin Malam Bulus bai yi ƙarya ba. Amma in na gifta, matan nan sai su ce, "Injiniya, yau miya za a ba shi ko koko?"