Bangon Gero a Tantin Maitama

Yau da safe ina layin mai a Kaura Namoda, ina tura babur ɗina a kashe, sai Jaji ɗan kabu-kabu ya bar nasa ya zo ya kama hannuna da hannu biyu.

"Malam, ashe abin da ya hwaru ke nan? Allah shi mayar da alheri. Amma ko ka hwaɗa muna!"

Na ce me ya faru? Ya zaro waya ya nuna mini. Ni ne a hoto, a tsugune cikin tantin agaji, ba tabarau, fuska a yamutse. A ƙasa an rubuta wai ga wani magidanci da ambaliya ta raba da muhallinsa yana godiya. Kafin in ce komai wasu ma sun matso suna yi mini jaje. Wani dattijo ya ba ni wurinsa a layi. Na karɓa.

To bari in gyara zance. Gidana yana nan tsaye. Wanda gidansa ya faɗi Maitama ne, manomi a Banga, abokina tun muna yara, wanda yake ce mini Bature tun da na dawo daga karatu a waje.

Ruwan Agusta ne ya yi aikin. Ya jiƙa ginin ƙasa har ya gaji da tsayuwa, ɗakunan Maitama suka zauna, rumbunsa ya tsage biyu. Ba a rasa rai ba. Geron bara da ya rage aka zazzaro shi dami-dami, aka jingine a gindin bishiya, aka rufa masa wata tsohuwar leda mai huji. Wannan geron shi ne abincin gidan har sabo ya nuna, sabo kuwa ko kai bai gama fitarwa ba.

Sai ga Kwamitin Share Hawaye, wanda wasu manyan yankinmu suka kafa, ya iso da kaya. A nan dole in yaba. Sun zo ana cikin damina. Wancan karon da aka yi irin wannan ɓarna, bargunan agaji a watan Afrilu suka iso, lokacin da ko rigar jikinsa mutum neman cirewa yake.

Kowane gida an ba shi jaka ɗaya, ƙatuwa, sai mutum biyu sun kama. A ciki akwai tanti da ƙarafunansa da igiyoyi, da tabarmi, da barguna, da gidan sauro, da bokiti da tukunya. A jikin jakar an zana fitila mai aiki da hasken rana da kuma labulen raba ɗaki. Waɗannan biyun a zane suka tsaya. Ban zargi kowa ba. Hanya da nisa, ga gargada, ƙila faɗuwa suka yi daga cikin jakar da ke ɗinke.

Tantin kansa mai kyau ne, ƙofa biyu gare shi, gaba da baya, kuma ruwa ba ya ratsa shi. A ƙasar da na yi karatu, mutane masu lafiyayyun gidaje sukan ɗauki irinsa su tafi daji su kwana don nishaɗi. Na gani da idona, kuma har na dawo ban gane dalili ba.

Matsalar ita ce wanda ya ɗinka tantin ba shi da suruka. Ko kuma yana da ita, amma ba irin tamu ba.

Inna Saliha, mahaifiyar Ladidi matar Maitama, ta baro ƙauyensu a ƙasar Zurmi tun bara waccan, saboda abin da kowa ya sani. Maitama ya gina mata ɗaki a ƙarshen gida, ƙofarsa na kallon wani wajen. Tun da ta zo ba ta taɓa ganin ya kai loma baki ba, shi ma bai taɓa ganin ta miƙe ƙafa ba. Gaisuwa daga nesa, a tsugune, ido a ƙasa. Haka suke zaune lafiya, har ruwa ya kwashe bangon da ke tsakaninsu, kwamiti kuma ya ce gida ɗaya, tanti ɗaya.

Maitama ya ce Inna ta shiga da yara, shi zai koma barandar masallaci. Inna ta aiko Ladidi ta ce ita baƙuwa ce, ba za ta kori mai gida daga gidansa ba, shi ya shiga, ita za ta raɓa wajen maƙwabta. Maitama ya ce Allah ya kiyaye ya kwanta a ƙarƙashin rufi tsohuwa tana raɓe. Ladidi ta ce inda uwarta take nan take, ta kwashi yara ta bi ta. Aka wayi gari mai gida yana masallaci, mata da yara suna cushe a ɗakin maƙwabciya, tanti kuma yana tsaye fes, babu kowa a ciki. Da Maitama ya ga wurin da ya fi ko'ina bushewa a unguwar ba mai shigarsa, sai ya kwashe geron ya zuba a ciki. Ni ma da haka zan yi.

Ranar da na je yi masa jaje, ashe ita ce ranar da Shugaban kwamiti zai zo duba aiki. Ban sani ba. Muna zaune kan kututture sai ga sakataren kwamiti, wani matashi mai shadda mai sitaci, ya naɗe ƙafar wando, takalmi a hannu. Ya leƙa tanti ya dafe kai.

"Baba, mene ne wannan? Tanti na mutane ne. Mai Girma yana hanya. Duk tantin da aka samu da hatsi, ko awaki, ko kayan sayarwa, yau za a naɗe shi a ba wani. A Shinkafi mun tarar da wanda ya mai da nasa shagon shayi."

Maitama ya ɗaga kai ya dubi gabas. Hadari ya haɗo, baƙi ƙirin.

"Yallaɓai, dubi sama. In na hidda geron ga waje, yau ya ƙare. Shi muke ci."

"In ba ka fitar ba, tantin ne zai tafi, ka ga geron ya koma waje ke nan. Kuma iyali duka za su shiga ciki, a ɗauke su hoto."

Na ja shi gefe na yi masa bayanin suruka a hankali, yadda ake yi wa baƙon ƙasa. Ya yi dariya.

"Malam, ni ma fa ɗan nan ne. Surukata in ta zo gidana, a mota nake cin abinci. Amma umarni daga sama ya zo."

Abin da yake burge ni da manyanmu ke nan. A gida Hausawa ne cikakku, sun san kunya, sun san wanda ba ya zama da wane. Da sun shiga ofis sai su ajiye duka a bakin ƙofa, sai an tashi aiki su ɗauka. Cikin kwamitin nan kaf babu wanda bai da suruka, amma babu wanda ya tuna da ita ranar da ake sayen tanti.

Aka koma neman mafita. Inna tana bayan dangar maƙwabta, Maitama yana tsaye ya juya mata gefe, Ladidi tana tsakiya da goyo.

"Ke," in ji Inna, "ki ce wa mutanen gidan ga ni ba ni shiga ɗaki guda da su. Ko a hoto."

"Ki ce wa Inna ta yi haƙuri, ɗan lokaci ne. Ni bayana zan juya."

"Ki ce ai bayan ma nasu ne."

"Ki ce wa Inna geron yara ne za shi lalace."

Inna ta ce, "Ki ce da akwai bango tsakani, da da sauƙi."

"Ki ce wa Inna ai bangon ne ya hwaɗi."

Ladidi, wadda tun da aka fara ba ta isar da ko kalma ɗaya ba, ta gyara goyonta.

"Ni dai na gaji da wanga aike, kowa na jin kowa. Bango kuke so? To ga gero nan."

Ta shige tanti ta fara jan dami. Muka bi ta. Dami kan dami muka jera a tsakiyar tantin, daga wannan gefe zuwa wancan, har ya kusa taɓa rufi. Muka ɗaure da ragowar igiya, aka lulluɓe shi da bargunan agaji ta kowane ɓangare. Ƙofar gaba ta zama ta maza, ta baya ta mata. Ƙaiƙayi ya cika mini wuya da hammata. Sakatare yana tsaye yana latsa waya, ya ce shi bai ga komai ba, kuma ba ya so ya gani.

Sai jiniya. Mai Girma Shugaba, Inuwar Marasa Rufi, Lemar Damina, ya iso da motocin da ko a ɗaurin auren ɗan attajiri ban ga yawansu ba. Taɓo ya hana su shigowa unguwa, sai aka shimfiɗa masa ƙyauren ɗakin Maitama da ya faɗi, ya taka ya ƙetare. Wani na riƙe masa lema tun ruwa bai sauko ba.

Mai hoto ya leƙa ɓangaren maza ya ce wurin ya yi fili da yawa, daga Maitama sai yaransa. Ya waiwaya ya gan ni.

"Kai, shiga nan. Cire tabarau da agogo. Wanda ambaliya ta ci ba ya kama da malamin kwaleji."

Na shiga. Ba na gani sosai, ga ƙaiƙayi na ci na. Fuskar da kuka gani a waya ke nan, wadda aka ce ta godiya ce.

Mai Girma ya leƙo ya yi mana jaje. Ya zagaya baya ya gai da Inna, har da ɗan rusunawa, wannan kam na ba shi. Ya dawo gaba ya tsaya yana kallon bangon. Ya kai hannu ya shafa bargo. Daidai nan wata kaza ta sako kai ta ƙarƙashin tanti, ta ja zangarniyar gero daga gindin bangon, ta fita da ita a guje.

Maitama da ke kusa da ni ya sunkuyar da kai.

Mai Girma ya danna bargon da babban yatsa. Ɗan manomi ne, kowa ya san haka, kuma ɗan manomi ba ya taɓa damin gero ya ce katifa ce. Ya dubi kazar. Ya dubi hadari. Ya dubi mai hoto, wanda ke jira da na'ura a ido.

"Sakatare, wannan bangon yana cikin kwangila?"

"Yana ciki, ranka ya daɗe."

"Madalla."

Aka miƙa masa lasifika. Ya shaida wa jama'a cewa kwamitinsa ne ya dage, ya ƙi karɓar kowane irin tanti sai mai bango a tsakiya, domin mutunta al'adunmu na kunya da girmama surukai. Aka tafa. Ni ma na tafa, don gaskiya ban taɓa ganin an gina bango an kuma ƙaddamar da shi a rana ɗaya ba. Ya rufe da alkawarin kwanon rufi da siminti ga duk wanda ɗakinsa ya faɗi, nan ba da jimawa ba.

Motar ƙarshe tana juyawa ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Gero bai jiƙa ba. Inna ta shimfiɗa tabarmarta a baya, Maitama ya dawo daga masallaci da tasa, yara suna zagayawa daga wannan ƙofa zuwa waccan.

Da na samu man yau sai na ce bari in ƙarasa Banga in ga yadda suke. Na tarar da Maitama yana fitowa daga tanti a duƙe kamar mai noma, hannu a ƙugu. Na ce lafiya?

"Bature, ina lahiya? Shiga ka gani."

Na leƙa. Bangon ya sauko. Ladidi daga sama take cire dami in za ta yi daka, kuma gida ba ya kwana da yunwa don a tsare bango. Yanzu in Maitama ya miƙe tsaye, ana hango hularsa daga ɓangaren mata. Shi ya sa yake shiga a duƙe, ya fita a duƙe, ya sa riga a zaune. Inna kuma ta tsiri azumin Litinin da Alhamis. Ta ce lada take nema. Ladidi ta ce ita dai ta san bango ake tattali. Shi ma mai gidan ya daina neman ƙarin tuwo, wai cikinsa ne ba daɗi.

Na tambaye shi labarin kwano da siminti. Ya ce an ce suna hanya.

"Kai da kake rubutu a jarida, ka hwaɗa musu. In bangon ga ya sauko ƙirji, ni masallaci zan koma, ita ta koma maƙwabta, mu bar musu tantinsu shi tsare abin da ya rage."

To, ranka ya daɗe, Inuwar Marasa Rufi, na isar. Bangon da kwamitinka ya dage a kansa ana cin sa safe da yamma, kuma na ɗanɗana, tuwonsa da daɗi. A taimaka a turo kwanon kafin bangon ya sauko kafaɗa.