Ranar da Aka Hana Ƙasa Girgiza a Kurmin Mashi

Jama'a, ku yi haƙuri da ni yau, da farar riga mai tabon koko nake muku rubutu. Ranar Talata da hantsi ina zaune a ƙofar gida, na kai ludayi baki ke nan, sai na ji "dim!" daga bayan unguwa. Ƙasa ta zabura da ni, kwano ya kife a cinyata, kajin layinmu suka watse kamar sun ga shaho.

Ba abin ɓoye ba ne. Duk Kurmin Mashi an san 'yan kwangila na fasa dutse da nakiya, za a shimfiɗa titi zuwa sabon gidan wani Babba, Allah ya ƙara masa girma, wanda motarsa ba ta son gargada.

Koko dai ana sake damawa. Abin da ya tayar da hankali shi ne rijiyar Gwaggo Hansai, tsohuwar da ke sayar mana da kokon. Bakin rijiyar ya rufta, har da guga da igiya. Ita kaɗai layinmu ke sha, domin famfon da aka yi mana alkawari tun wancan zaɓen yana hanya har yau, ina jin a jaki aka ɗoro shi daga Ikko. Gwaggo ta zauna a kan turmi, ta ce marigayi mijinta ne ya haƙa rijiyar da hannunsa.

Malam Yusha'u mai makarantar allo ya ce mu kai kuka. Muka ce Gwaggo ta huta, ta dube ni ta ce, "Sanda, rijiyata ce ko taku?" Ta yafa mayafi, muka taka sayyada har Doka, can cikin gari, zuwa wani ofis da ba zan kama sunansa ba, don in ana sallah ba a magana.

Masinja ya shanya mu a benci har inuwa ta juya, sannan aka shigar da mu gaban Mai Girma Sarkin Gobe-ka-dawo. Yana zaune bayan tebur mai faɗin gadon amarya, da kofin shayi a hannu. Muka zube muka kwashi gaisuwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙasa ce ta girgiza a wajenmu, har..."

Ya dire kofi. "Kul! Wace ƙasar? Ana shirin zaɓe, ana maganar mulkin kai, kai kuma ka shigo ofis kana cewa ƙasa ta girgiza? Ƙasa na zaune da gindinta! Wa ya aiko ka?"

Na rantse ƙasar da ake takawa nake nufi, ba wadda ake mulka ba. Ya ce a kunnen gwamnati duk ɗaya ne, in sake kalma.

Malam ya gyara murya. "Allah ya ba ka nasara, a Larabce zalzala ake cewa."

"Gafarta Malam, wannan ai ta ranar tashin alƙiyama ce. Ba sashena ba ne."

Na ce to, jijjiga. Ya ce jijjiga ta goyo ce da fasinjan akori-kura, shin Kurmin Mashi jariri ne? Na ce karkarwa. Ya ce mai karkarwa asibiti yake zuwa a ba shi maganin zazzaɓi. Na ce rawar ƙasa fa? Ya tambaye ni wa ya kaɗa mata ganga, kuma an karɓi izinin kiɗa?

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, ni dai na kaɗu, rijiyata kuma ta rufta. Ka kira abin da sunan da ka ga dama, ka ba mu ruwa."

Mai Girma ya lumshe ido ya yi nazari irin na manya. Can ya ce, "Motsi. Ƙasa ta ɗan yi motsi. Motsi kuwa ya fi laɓewa, alamar ci gaba ce. Ina taya mutanen Kurmin Mashi murna."

Kun ji basira! Mun zo da asara, za mu koma da barka.

Muna cikin haka tarhon da ke kan tebur ya yi kuka. Ashe mai sabon gidan ne da kansa. Jama'a, ban taɓa ganin mutum ya durƙusa wa waya ba sai ranar. Ya miƙe zumbur, ya koma ya durƙusa, hularsa ta faɗi, gwiwoyinsa na bugun juna, hannunsa na ɓari har shayi ya malale a kan tebur. Ba ka jin komai sai "Ranka ya daɗe, an gama! A ƙara nakiya? Yau ɗin nan!"

Da ya ajiye, Gwaggo ta leƙa fuskarsa ta ce, "To wannan da ka yi yanzu, me sunansa a ofis?"

Ya share gumi ya ce, "Ladabi." Ya kira masinja ya raka mu waje.

A hanya Malam ya ce wanda ya dogara da tuwon wani da yunwa zai kwana. Ranar Asabar muka yi gayyar sake haƙa rijiyar, maza na haƙa, mata na kwashe ƙasa da kwarya. Ni da ban saba riƙe abin da ya fi alƙalami nauyi ba, tafina duk ya yi kanta. Kafin la'asar ruwa ya ɓuɓɓugo, jajir da shi. Gwaggo ta kamfata ta sha a haka, tana hawaye tana sa mana albarka.

Shekaranjiya kuma sai ga motoci reras, cike da manya masu manyan riguna, wai sun zo duba aikin samar da ruwa da aka kammala. Aka yi jawabi, aka ɗauki hoto, Mai Girma ya riƙe guga. Babbar motar da ta kawo musu kujeru ta zo juyawa, ta tafi da kusurwar zauren Malam.

Malam ya dubi ɓaraguzan, ya dube ni, ya girgiza kai. Na bincika, wannan girgizar ba a hana ta ba tukuna. Amma ku riƙa yin ta a cikin ɗaki, kada a ji labari a sa mata haraji.