Garayar Ingila ta Mista Dan

Idan ana lissafin alheran da Allah ya yi wa ƙasar Haɗejiya, mutane sukan fara da kogi, su bi da kifi da shinkafar fadama. Wannan rashin godiya ne. Kamata ya yi a fara da Mista Dan, akawun kantin Turawan nan masu sayen gyaɗa da ƙirgi, wanda ba don shi ba da har yau garin bai san ana ɗaura wa mutum igiya a wuya don ado ba. Kafin zuwansa akuya kaɗai ke da wannan gata.

Sunan da uwarsa ke kiransa da shi Ɗan'auta. Baturen kanti ne ya ga sunan ya yi masa tsawo, ya datse masa wutsiya, ya ce Dan. Da wani ne, da ya ji haushi. Shi kuwa gogan naka sai ya karɓa hannu bibbiyu kamar an yi masa naɗi, ya ƙara Mista a gaba don kada sunan ya ji sanyi.

Ilimin Mista Dan mai zurfi ne, amma ana iya taƙaita shi. A wurinsa duk kayan duniya kashi biyu ne: ƙirar inji da ƙirar hannu. Na farko wayewa, na biyu abin tausayi. Ba ya shan ruwa a moɗa sai a kofin tangaran, ko da yake ruwan dai na kogin nan ne da kowa ke sha. Takalminsa sau ciki ƙirar Ingila, yana matse shi har yana ɗingishi, amma ya ce ƙafar ce ba ta waye ba. Ganin haka 'yan kasuwa suka laƙaba masa Ƙirar Ingila. Da labari ya kai masa, ya yi murmushi ya ce ashe mutanen nan sun fara gane mutane.

Abu ɗaya ne ƙirar hannu a jikin Mista Dan, shi ne asalinsa. Ubansa Baƙo yana nan da ransa a ƙauyen Baturiya, shi ke sassaƙa garaya, shi ke kaɗa ta ga maharba da masunta. A gindinsa Ɗan'auta ya tashi, ya iya tsirkiya tun kafin ya iya ɗaura wando. Da boko ta ɗauke shi sai ya tattara wannan tarihi ya binne, ya hau kai ya zauna.

Binnewar kuwa tana da dalili, don yanzu neman aure yake. Zaituna yake so, 'yar Malam Tukur mai shanu, kuma so na gaske, irin mai hana mutum cin tuwo. Malam Tukur Bafillatanin gari ne mai sakin hannu, ba ya ƙyamar talaka, amma yana da magana ɗaya da kowa ya sani. Yakan ce zai ba baƙo 'yarsa, zai ba matsiyaci, amma ban da maroƙi. Ranar da ya tambayi Mista Dan sana'ar mahaifinsa, sai akawu ya gyara igiyar wuya.

"Baba, tsohona yana harkar katako da fatu ne. Yakan kuma halarci manyan tarurruka."

Ko alƙali ba zai kama shi da ƙarya ba. Malam Tukur ya gyaɗa kai, ya ce a bari ruwa ya janye a ga abin da Allah zai yi.

To, da mai hankali ne, da ya yi shiru ya jira ruwa ya janye. Amma Mista Dan ya ga hoton wani Bature rungume da jita, ya ƙudurta cewa abin da ya rage masa ke nan ya cika mutum. Ya yi oda. Jirgin ƙasa ya sauke ta a Malam Madori, jaki ya ƙaraso da ita, abin da Mista Dan bai so a riƙa ambata ba. Ranar kasuwa ya buɗe akwatin a ƙofar kanti, ta fito tana ƙyalli, ya ɗaga ta sama kamar an yi masa haihuwa.

"Jama'a, wannan sunanta jita. Kada in ji wani ya ce garaya! Garaya wani ne ya zauna gindin tsamiya da gizago ya ƙwaƙule itace, ya lulluɓa masa fatar gada, kowace ta fito da irin karkatarta. Wannan kuwa inji ne ya haife ta, ita da 'yan'uwanta dubu, ba wadda ta fi wata ko da ƙwayar gero. Hannun ɗan'adam bai taɓa ta ba. Ku ƙirga da kanku, garaya tsirkiya biyu, wannan shida. Wato tazarar da ke tsakanina da ku ninki uku ce."

Ari dillalin kifi, wanda bakinsa ba ya ajiya, ya ce, "To Mista, ashe ka zama makaɗi ke nan?"

"Nansins! Makaɗi shi ne wanda ake manna wa kuɗi a goshi. Ni miyuzik nake yi. Ranar da ka ga kwabo a goshin nan, ka kira ni maroƙi, na yarda."

Ari ya ce ya ji, kuma jama'a shaida ne.

Sai aka zo kaɗawa. A nan ne aka ɗan sami tangarɗa, domin inji ya aiko da jita amma ya manta bai aiko da iyawa ba. Yatsun Mista Dan suka shiga tsakanin tsirkiya shida suka ɓata, sauti ya fito kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ya ce ba ta ɗauru ba ne, ya kama ɗan kunnen ƙarfen da ke wuyanta ya yi ta murɗawa har siririyar cikinsu ta ce tas. Bai ko girgiza ba. Ya bayyana wa jahilai cewa inji ya san da haka, shi ya sa ya sako shida.

Ta biyu a wurin zance ta tafi. Ya je ƙofar gidan Malam Tukur da la'asar, ya ɗora ƙafa kan turmi yadda ya gani a hoto, ya lumshe ido ya ja, tsirkiya ta tsinke ta zane shi a karan hanci. Zaituna ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Sannu, Mista. Ita haka take yi, sai ta rama?"

Ya koma gida yana jin daɗi, don a fahimtarsa ya sa ta nishaɗi.

Ta uku laimar fadama ce ta ci ta. Tsatsa ta kama ta, Mista Dan ya ce ai launinta ke nan idan ta manyanta, rannan ta rabu biyu ba sallama. Ta huɗu ba wanda ya taɓa ta. Tana rataye a bangon kanti da tsakar rana, yana cikin yi wa masu kawo gyaɗa bayani cewa kayan inji ba ya tsufa, sai ta ce tau a bayansa, har wani tsoho ya yi salati. Ari ya ba shi shawara ta zumunci, ya ce akwai wani dattijo a Baturiya da ke murɗa tsirkiya mai kyau, a aika mana. Mista Dan ya yi tari mai tsawo, ya ce gara ta zauna tsirara da ta sa ƙirar hannu. Sabbi suna nan tafe daga Ingila ta jirgin ruwa. Har yau suna tafe.

Abin mamaki, tun da tsirkiya ta koma biyu sai jita ta fara magana. In ya ɗauke ta a ɗaki shi kaɗai, yatsun da suka yi ta ɓata sai su kama hanya ba mai nuna musu. Mista Dan ya yi nazari a kan wannan al'amari, ya gano cewa injin ne ya fara sabawa da iskar ƙasar.

Ruwa ya janye, aka sa ranar buɗe su, wato kamun kifin gayya, a wani babban tafki kusa da Baturiya. Wannan wuri ne da Mista Dan ya yi shekaru yana kewaye shi. Amma Baturen kanti ya ce yana son kallo, akawu zai raka shi ya yi tafinta, ya kuma zo da jitar nan da ake ta labari. Mista Dan ya so ya ce ba shi da lafiya. Sai ya ji cewa Malam Tukur ma zai je, don shanunsa suna kiwo a wannan fadama. Suruki da Bature a inuwa ɗaya, ga dubban 'yan ƙauye da ba su taɓa ganin wayewa ba! Ya kifa malafar Turawa, ya toshe ido da baƙin tabarau, ya tabbata ko uwarsa ba za ta shaida shi ba. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Aka yi su, aka yi sowa. Masunta suka faɗa ruwa a kan gorunansu, tarwaɗa da ƙarfasa suka cika gaɓa, mata suka hura wutar banda. Can gefe ƙarƙashin wata giginya makaɗan garaya na hutawa, a tsakiyarsu wani tsoho mai raunin gani yana shafa tasa. Mista Dan ya hango shi sau ɗaya, ya juya masa ƙeya bai sake waiwaya ba. Da rana ta yi sanyi Bature ya ce to, a ji jita. Jama'a suka yi da'ira. Mista Dan ya hau wani kifaffen gora don kowa ya amfana.

"Ku saurara da kyau. Abin da kuka saba ji hayaniya ce ta itace da fatar mushe. Yau za ku ji abin da ake kaɗa wa manya a Ingila. Ba a rawa, ba a guɗa. Idan na gama, ku tafa sau uku a hankali."

Ya taɓa tsirkiya da farce, sautin bai fita ba saboda iska. Wani daga cikin makaɗa ya jeho masa farke, ɗan busasshen ƙirgin nan da ake kaɗa garaya da shi. Mutumin da bai san garaya ba zai tsaya tambayar mene ne wannan. Mista Dan kuwa a sama ya cafe, ya juya shi tsakanin yatsu, ya sauke hannu.

Abin da ya fito ba a taɓa jin sa a Ingila ba. Taken masunta ne, wanda Baƙo ke kaɗawa in an kama babban kifi, da 'yar karyawar nan tasa a tsakiya da ba wanda ya iya sai jininsa. Mista Dan ya ji abin da hannunsa ke yi, ya ce masa tsaya, hannu ya ƙi. Masunta suka zubar da koma suka shigo fili da laka a ƙafa. Malafa ta faɗi, tabarau ya zame, takalmin Ingila ya sami kansa yana buga ƙasa. Abin da ya fi muni, daɗi yake ji. Rabonsa da irin wannan daɗi tun yana yaro, har idonsa ya kawo ruwa.

Hajja Ma'u mai bandar kifi, wadda ta goya shi yana jariri, ita ta fara rangaɗa guɗa.

"Ayyururui! Wallahi hannun Baƙo ne! Ɗan'auta, ashe kana duniya? Baƙo, taso ga autanka ya dawo da garayar Turawa!"

Tsoho ya taso ana riƙe da hannunsa, ya tsaya kusa da ɗansa ya saurara, fuskarsa ta cika da murna. Bai yi masa gori ba, bai tambaye shi ina ya shiga ba. Ya gyara tasa garayar kawai ya shiga, ƙirar hannu da ƙirar inji suka kama baki ɗaya, ko makaho ya san gidansu guda. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sannan aka fara liƙi. Goshin Mista Dan ya jiƙe da gumi, ga faɗi, kuɗi suka sami wurin zama. Anini, kwabo, sisi, kowa da ƙarfinsa. Ari ya ratso taro ya manna nasa kwabon a tsakiya, ya danna da babban yatsa don kada ya faɗi. Bature ya ga al'ada ce, shi ma ya manna nasa yana ta dariya.

Kiɗa ya tsaya. Mista Dan ya buɗe ido, ya ga Malam Tukur tsaye a gabansa da sanda a kafaɗa. Nan take daɗin ya gudu, tsoro ya maye gurbinsa, ya tuna Zaituna. Ya buɗe baki zai yi bayanin bambancin miyuzik da kiɗa, kwabo ya zamo daga goshi ya faɗa masa a leɓe.

Malam Tukur ba mai wulaƙanta mutane ba ne. Ya gai da Baƙo da girmamawa, ya tambaye shi harkar katako da fatu. Sannan ya laluba aljihu ya zaro sule guda sabo, ya nemi ɗan filin da ya rage a goshin akawu ya manna.

"Madalla, ɗana. Kyan ɗa ya gaji ubansa. Allah ya yi wa sana'a albarka." Ya juya zai tafi, sai ya waiwayo. "Af, kada in manta. In Allah ya kawo wa Zaituna miji, kai za ka yi mana kiɗan biki. Ka zo da ta Ingilan, ta fi ƙara."