Furen Roba Ranar Tara ga Mayu

Da hantsi Aizirek ta dawo daga kasuwar Kochkor da furannin da kakanta ya aike ta ta sayo. Tsoho Toktosun, kakan nata da take kira Ata, yana bakin gado cikin kwat ɗinsa, lambobin yabo jere a ƙirji. Yau ce ranar bikin tunawa da nasarar yaƙi da Jamus, kuma cikin waɗanda suka yi yaƙin, shi kaɗai ya rage a ƙauyen.

"Sannu da zuwa, sarauniyar tawa. Har birnin Bishkek kika je sayen furen?"

"Yauwa, Ata. Ai na ɗauka zan tarar an ɗauke ka an kai gidan tarihi."

"Mu gani." Ya shinshina. "Roba! Mamatan nawa za ki kai wa roba?"

"Na gasken sun ƙare. Haƙoranka ma roba ne, ban ga ka ƙi nama ba."

"Sun fi ki tsada. Ke ko gurgun rago aka kawo sadakinki, sai na yi wa angon jaje."

"Ji cika baki! An ce dankali ka yi ta ferewa har aka gama yaƙin."

"Da wuƙar dankalin na kori tankoki bakwai."

"Bara uku ka ce."

"Haihuwa suke yi."

Ta gyara masa wuyan kwat. "Tashi, jarumi. 'Yan makaranta sun taru wajen dutsen tunawa, kai ake jira ka kira sunayen waɗanda ba su dawo ba."

"Su jira. Ranar da aka ce an ci yaƙi, uwata ba ta yi guɗa ba. Mu biyu ta sallama, ni kaɗai na komo. Shekaru aka yi ba biki, kowa yana gona. Da aka fara, benci ba ya ɗaukarmu. Yanzu kujera ɗaya suke kawowa, su tafa, su ɗau hoto, su wuce cin nama."

"To kishin naman kake?"

Ya riƙe hannunta gam.

"Aizirek, ƙanena, wanda na bari a bakin kogi. Tun da na farka nake neman sunansa."

Ta jira ya fashe da dariya. Bai yi ba.

"Jumabek, Ata."

"Jumabek." Ya maimaita har sau biyu, sannan ya harare ta. "Gwada ki nake, mai kan kabewa."

"Ka ci ni, tsoho," ta ce tana dariya, fuskarta a juye ga bango.

Ya laluba aljihu ya miƙa mata busasshen cuku. "Ladanki. Kar ki saba."

Suka fito a hankali, yana dogara da kafaɗarta. Ana jin ganga daga can. A bakin ƙofa ya tsaya, ya rage murya.

"Me kika ce sunansa?"