Naɗin Alhaji Tokyo da Waken Suya

Duk faɗin kasuwar Deira ta Dubai babu wanda ya san ƙasar Japan kamar Alhaji Mu'awiya. Gaskiya ne bai taɓa taka ta ba, amma wannan ƙaramin al'amari ne. Mutumin da ya tsufa yana loda gwanjon injinan motocin Japan a kwantena zuwa Kano, ai ya ga cikin ƙasar, tunda ya ga cikin motocinta. Shi ya sa 'yan kasuwa suka laƙaba masa Alhaji Tokyo. Su da ba'a suka yi, shi kuwa ya buga sunan a katinsa.

Sai kuma Allah ya ƙara masa ɗaukaka. 'Yarsa Mahfuza ta auri Labaran, wani ɗan Zariya da ya tafi Amurka ya shiga soja, aka tura shi aiki Japan da iyalinsa. Saje ne, amma a bakin Alhaji wata uku kacal ya yi ya zama Janar. Daga nan ko shayi Alhaji zai saya sai ya ce, "Mu Amurkawa ba ma son sukari da yawa, habibi."

Abu ɗaya ya rage wa wannan bawan Allah: kujerar shugaban ƙungiyar Hausawa 'yan kasuwa. Ya daɗe yana zawarcinta, ga zaɓe ya ƙarato, ga kuma Malam Illa, wani mai turare ɗan Maraɗi da ba ya tashin murya, jama'a na ta karkata wajensa. Wannan abu yana ci wa Alhaji tuwo a ƙwarya.

Mahfuza takan turo bidiyon bukukuwan garin da suke zaune, don ita da mijinta da yaransu ba sa bari a yi babu su. A cikin wani bidiyo aka ga Labaran sanye da wata jar fuska mai ƙahoni, yara da maƙwabta sun kewaye shi suna watsa masa wake suna ihu. Alhaji ya kalla sau ɗaya ya gane komai. Naɗin sarauta ne. Ƙahonin nan rawaninsu ne, waken kuwa liƙi ne, don Japanawa mutane ne masu hankali, abinci suke liƙawa. To in surukin ya samu wannan girma, ina ga uban matar?

Da iyalin suka yada zango a Dubai kan hanyarsu ta zuwa hutu gida, Alhaji ya sa aka kawo taron zaɓen falonsa da ke unguwar Al Ras, bayan la'asar. Tun kafin su taso ya ce su zo masa da fuskar. Da suka iso suka miƙa masa, ya ce ita zai sa a wajen taron.

"Baba, ai wannan fuskar ta..." in ji Labaran.

"Khalas, ya isa, Janar! Tun kana cikin zanin goyo nake hulɗa da Japan."

Mahfuza ta buɗe baki, uwarta Hajiya Sauda ta taɓa ta. "Ƙyale babanki, ya fi ki sani."

Labaran ya sake ƙoƙari, ya ce aƙalla a soya waken, haka ake yi. Alhaji ya ce soyayye na ƙananan hafsoshi ne. Shi buhun waken suya ɗanye ya sayo a shagon da ke ƙasan benensu, mai tauri kamar tsakuwa, aka raba wa kowa cikin kwano. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

Falo ya cika. Alhaji ya fito cikin farar babbar riga, jar fuska a sama, ƙahoni na gogar fanka. Wani dattijo ya ja da baya yana a'uziyya. Daga cikin fuskar murya ta fito a toshe:

"Ya 'yan'uwa! Yau za ku ga yadda ƙasashen da suka ci gaba ke gane shugaba tun kafin a ɗaga hannu. Girman mutum, yawan wakensa. Kada wanda ya ji nauyina. A yi al'adar nan cif, ba ragi. Yalla, a fara!"

Jikokinsa, Aishat da ƙanenta, suka fara, suna ihu da yaren Japan. Malam Illa ya sunkuya ya tambayi yarinyar me suke cewa. Aishat ta ce ai wanda ya sa fuskar shi ne dodo mai ɗauke da duk tsiyar shekara, ana jifansa ne har ya bar gidan, sannan a yi maza a rufe ƙofa kada ya dawo, sai alheri ya shigo. Maganar ta zagaya falon cikin raɗa.

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Wanda Alhaji ya taɓa dizgawa a gaban baƙi ya cika hannu. Wanda ya sha laccar Japan a bakin masallaci har abincinsa ya huce ya cika hannu biyu. Wake ya riƙa sauka kamar ƙanƙara. Alhaji kuwa daɗi ya kashe shi, don bai taɓa sanin ana ƙaunarsa haka ba.

"Madalla! A ƙara! Illa, ka gani da idonka?"

"Bon, to, Alhaji, ka cancanta," in ji Malam Illa, ya juye masa kwanon gaba ɗaya.

Da zafi ya yi zafi, Alhaji ya soma ja da baya cikin ƙasaita, yana ɗaga hannu yana amsa gaisuwa. Santsin wake ya kwashe shi, ya yi taga-taga, sai ga shi a waje, ba takalmi. Aishat ta maida ƙofa garam, ta murza makulli.

Ya gyara riga ya tsaya jiran a fito a yi masa rakiya zuwa kujerarsa. Ba wanda ya fito. Ya ƙwanƙwasa.

"Alhaji, al'ada ce, kai ka ce ba ragi," wani ya amsa daga ciki.

Yana nan tsaye, wake cike da aljihunsa, ya ji an ce masu son Malam Illa su ɗaga hannu. Ya ji tafi, ya ji an shafa fatiha. Ya kara kunne a jikin ƙofa ko iyalinsa za su yi bore a madadinsa. Sai kuwa ya ji muryar Hajiya Sauda, a natse, tana tambayar 'yarta:

"Ni kuwa Mahfuza, wannan bikin sau ɗaya kawai ake yinsa a shekara?"