Farfesan Tarbiyya da Sunan Yanka

Duk wanda ya ce Fagge ba ta da masana bai san Alhaji Bahauddeen ba. Shekara ashirin ya yi yana auna atamfa a Kantin Kwari, har Allah ya haɗa shi da wani kwas na kwana uku ta waya a zamanin kullen korona. Ya fito da takardar shaida mai bakin zinare, ya sa aka yi mata gilashi, daga ranar ya zama Farfesan Tarbiyya. Da kansa ya naɗa kansa, don kada a wahalar da jami'a. 'Yan kasuwa, da ba su san darajar ilimi ba, suna ce masa Farfesa Yadi Shida.

Ya buɗe dandali a waya, ya sa masa suna Gida Ba Damuwa. Mata sun fi ɗari biyu a ciki, na Fagge da na Sabon Gari. Fastarsa a bakin titi ta fi ta mai neman kansila girma. Kowace Asabar bayan la'asar yakan fito kai tsaye ta bidiyo, sanye da tabarau marar magani, a bayansa littattafai jere, ko ledarsu ba a ɓare ba. Shi ya koya mana uwa ta ja numfashi sau goma idan yaro ya kifar da miya. Bai faɗi abin da za a ci bayan numfashin ba.

Wata Asabar ilimi ya cika shi har ya tumbatsa.

"Iyayena mata," in ji shi, "bincike ya tabbatar, daga Turai har Malesiya, rabin damuwar gida daga ɓoye suna take. Ummi! Abba! Walida! Ƙauyanci ne. Yaro yana da sunan yanka. Ku kira shi da shi, da ƙarfi, sau uku a rana kamar shan magani. Wadda ta ji kunya ta bar mini dandalina."

Kowa ya san dalilin waɗannan laƙubba. Idan aka sa wa yaro sunan kakarsa ko kakansa, ba mai kama sunan a gidan. Mu tsofaffi muka taɓe baki muka wuce. Yagana, matar Dabo tela, ba ta wuce ba. Yarinya ce mai ladabi, kuma ta yarda da gilashi da zinare. 'Yarta Ummi sunan uwar mijinta aka sa mata. Washegari da hantsi, Hajiya uwar mijin na zaune a tsakar gida tana tsintar wake, Yagana ta ɗaga murya tana kiran 'yarta:

"Hansatu! Zo nan, ƙazama, ki fyace hancin nan!"

Kafin azahar Yagana tana gidan ubanta da ƙullin kayanta. Hajiya Hansatu ta rantse ba za ta sake kwana gida ɗaya da ita ba. Dabo ya sunkuyar da kai kan keken ɗinkinsa.

Asabar ta zagayo. Yagana ta shigo bidiyo idonta a kumbure, ta faɗi abin da ya faru. Farfesa ya gyara tabarau.

"Wannan shi masana ke kira zafin sauyi. Ki ja numfashi sau goma."

Sai Madam Veronica, mai kantin magani a Sabon Gari, wadda Hausarta ta fi ta wasunmu, ta buɗe muryarta.

"Alhaji, numfashi ba ya mayar da mace ɗakinta. Ai kana da 'ya, Walida. Kira ta mu gani, da sunanta na yanka, mu koyi yadda ake yi."

Farfesa ya yi murmushin manya, ya yafito Walida, budurwa 'yar aji shida a sakandare, ta tsaya kusa da shi. Ya buɗe baki. Daga gefen da kyamara ba ta kai ba, muryar wata tsohuwa ta shigo wayoyinmu tar:

"Faɗi mana, Bahau. Ina nan zaune, ina ji."

Mahaifiyarsa ce. Sunanta aka sa wa Walida.

A nan muka ga ƙwarewa. Farfesa ya daskare, baki buɗe, hannu a sama, wai sabis ya ɗauke. Minti biyu cur bai motsa ba. Sai dai fankar da ke saman kansa ba ta halarci kwas ɗin ba, ta ci gaba da juyawa. Walida ma tana ta ƙifta ido.

Tsohuwar, wadda ba ta san inda ake kunna waya ba, ita ta yafa mayafi washegari da safe, ta hau adaidaita, ta je wurin Hajiya Hansatu. Ta ce mata laifin ɗanta Bahau ne, tun yana yaro bakinsa ya riga kansa girma. Suka yi dariya, suka ci goro. Kafin la'asar Yagana ta koma ɗakinta.

Da yammacin ranar Farfesa ya turo sanarwa a dandali da manyan baƙaƙe: shirin Gida Ba Damuwa ya sake ceto wani aure a Fagge.