Ilu Da Ɗakin Da Ya Ƙi Bushewa

Lado Mai Busar Da Gida ya sha faɗa a bakin kasuwa cewa ruwa tsoronsa yake ji. Wai duk gidan da ya sa ƙafa, danshi tattara komatsansa yake yi ya gudu, fumfuna kuwa ko sunansa ta ji sai ta saki bango. Mu da muka san ɗakinsa sai mu sunkuyar da kai, don in hadari ya haɗo matarsa har gidanmu take zuwa aron kwanonin taren yoyo. Amma unguwarmu gangare ce, kowace damina sai ruwa ya kwana a ɗakunan mutane, kuma shi kaɗai ke da injin jan ruwa. Dole a kira shi.

Ma'aikacinsa ɗaya ne, Ilu, mijin ƙanwarsa Tabawa. Ilu ƙato ne, ya haura arba'in, ga ƙarfi ga ladabi, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. An kore shi daga gidan burodi, an kore shi daga wurin buga bulo. Ranar da Lado ya ɗauke shi, Tabawa ta ce, "Malam, na gaji. Ranar da Yaya ya kore ka, ranar zan koma gidanmu." Ilu kuwa ba abin da yake tsoro a duniya kamar ya dawo gida ya tarar ba Tabawa.

Wata rana ruwa ya shiga gidan Malam Hashimu tela. Lado ya ce, "Ilu, duk abin da ya jiƙe a gidan nan, fitar da shi ka shanya a rana." Ya tafi shan shayi. Ilu ya fitar da katifu da tabarmi da buhun masara. Sai ga mahaifin mai gidan, tsoho tukuf, ya fito daga wanka yana ɗigar ruwa. Ilu ya gaishe shi da ladabi, ya sungume shi ya kwantar tsakanin katifu. Tsoho yana salati yana kiran jikokinsa, Ilu yana cewa, "Yi haƙuri Baba, saura bayanka," ya juya shi. Malam Hashimu ya shigo ya tsaya baki buɗe, almakashi ya faɗi daga hannunsa.

Wata rana kuma a gidan Inna Larai, fumfuna ta yi baƙi ƙirin a bangon ƙasa. Lado ya miƙa wa Ilu cebur ya ce, "Kankare, kada ka tsaya sai baƙin nan ya ƙare." Ilu ya yi ta kankara, baƙi na ƙara nitsewa, shi kuma yana bin sa. Can sai haske ya ɓullo. Ashe ya huda har cikin madafar maƙwabta. Matar gidan na tsaka da tuƙin tuwo ta ga kan mutum ya fito daga bango, ta yar da muciya ta kwarma ihu. Ilu ya duba ya ga nasu bangon duk baƙin hayaƙi ne, ya ce, "Kai, ashe aikin ma yanzu aka fara," ya zura kafaɗa zai shiga.

Lado ya gyara bangon yana zagi. Ya ce ba don Tabawa ba, da yau sun rabu.

Wata rana aka kira su gidan wani direba, ruwa har gwiwa a falo. Lado ya tayar da inji, Ilu ya ce, "Yaya, ina zan zuba ruwan?" Lado ya ce, "Mayar da shi inda ya fito mana!" Ya fita abinsa. Ilu ya tambayi matar gidan ta ina ruwan ya shigo, ta nuna sama. Ya hau tsani ya ɗora bakin tiyo a kan rufin kwano, daidai inda ya ɓule. Har la'asar inji na kuka, mai ya ƙare, ruwa na nan a gwiwa, sai dai yanzu ya wanke hotunan bango ma. Da Lado ya dawo ya ga abin, ya kama kai. Ya ce, "Saura ɗaya, Ilu. Wallahi saura ɗaya."

Wata rana Hajiya Kande mai atamfa ta kira Lado. Ɗanta zai yi aure, ɗakin da za a sa amarya kuwa ya sha ruwa, bango ya yi baƙi, silin ya kumbura. Ta ce a kankare bango, a busar, a sauya silin, a toshe rufi. Lado ya ce ta ɗauka an gama. Ana gobe jere ya zo da fenti fari tas ya shafe komai har silin, ya ce wa Ilu, "Zauna a bakin ƙofar nan. Kada ka bar kowa ya shiga sai ɗakin ya bushe sarai. Ko ni ne."

Washegari da hantsi mata suka iso da kayan jere, ga gado, ga kujeru, ga kwanoni a ka, ana ta guɗa. Tabawa na cikinsu. Suka tarar da Ilu ya cika ƙofa.

"Malam, matsa mana," in ji gwaggon amarya.

"Bai bushe ba."

"Kai, wannan wane irin mutum ne? Kayan 'yarmu a rana za su wuni?"

Tabawa ta matso ta yi ƙasa da murya. "Malam, don girman Allah kada ka kunyata ni a gaban mata."

Idon Ilu ya kawo ruwa, amma bai motsa ba. "Tun asuba nake taɓa bangon, Tabawa. Sanyi ƙalau yake."

Aka aika aka kira Lado. Ya zo da farar shadda yana huci. "Ilu, matsa! Ya bushe!"

"Ka ce ko kai ne, Yaya."

"To na kore ka! Kowa ya shaida, na kore ka!"

Tabawa ta sauke kwanon da ke kanta a hankali. Ilu ya dube ta, ya sunkuyar da kai, ya ja gefe. Lado ya kutsa ciki yana murmushi. "Hajiya, ku shigo ku gani. Aiki ne na gani na faɗa." Ya ɗauki sandar tsintsiya ya ƙwanƙwasa silin don su ji ƙarfinsa.

Silin ya buɗe baki. Ruwan da ya taru a sama ya zubo gaba ɗaya, baƙi, mai wari, da ruɓaɓɓen katako da matattun ɓeraye, daidai inda za a kafa gadon amarya. Mata suka watse suna salati. Fentin bango ya saɓule kamar fatar dafaffen dankali, baƙin ya fito yadda yake.

Hajiya Kande ta dubi Ilu. "Kai, wane aiki kuka yi a ɗakin nan?"

"Fenti, Hajiya. Yaya ya ce kafin baƙin ya ɓullo an kai amarya, mu kuma mun tafi ƙauye aiki."

Gwaggon amarya ta dafa ƙirji. "Innalillahi! Da a kan 'yarmu zai faɗo!"

Hajiya ta ce, "Ilu, shi ya kore ka, ni na ɗauke ka. Daga yau kai ke gadin shagona. Aikinka na farko, koma ka tsaya a ƙofar nan. Kada ka bar mutumin can ya fito sai ɗakin ya bushe."

Ilu ya dubi Tabawa. Ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya, ta gyaɗa masa kai. Ya koma ya cika ƙofa.

Lado na tsaye a tsakiyar ɗaki, ruwa na ɗiga daga hularsa, mata sun yi cincirindo a taga. Ya ce, "Ilu, ni ne fa, Yayanka."

Ilu ya kai hannu ya taɓa bango, ya girgiza kai. "Da saura, Yaya."